Baƙar Tsakuwar Marka

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ruwa ya kafa tudu, ya rataye wata biyu a samanmu, fari da ja, ya bar mu a ƙarƙashinsu muna lalube. Na zaune ya gyara zama, na tsaye ya nemi abin jingina, domin abin da zan faɗa ba gajere ba ne, kuma ba mai daɗi ba ne.

Sunana Tunau, masunci ɗan masunci, mutumin Lamzare, birnin da kakanninmu suka gina a kan turaku a tsakiyar wani tafki wanda ba a hango gaɓarsa. Ba mu da ƙasa ko ta taka ƙafa. Gonakinmu saƙa su muke yi da ciyawar ruwa, mu yi musu kauri, mu ɗora musu laka, su riƙa iyo a bayan gidaje. Abin da suka ba mu da abin da koma ta kamo, shi ke nan abincinmu.

Muna nan cikin rufin asiri sai ciwon dutse ya shigo mana. Daga yatsun ƙafa yake farawa. Fata ta yi toka-toka, ta yi tauri kamar dutsen niƙa, taurin ya riƙa hawa a hankali. Wasu idan ya kai musu gwiwa sai ya tsaya, ya koma da kansa. Mafi yawa kuwa sai ya wuce cibiya ya kama ƙirji, numfashi ya rasa wurin shiga. Gawar ba ta ruɓewa, ba mu kuma da maƙabarta, sai mu kai su gabas inda ruwa ba shi da zurfi, mu tsayar da su.

Maganinmu ɗaya ne, ruwan ɗaci da masu magani ke dafawa. Duk wanda ya tashi za ka ji ya ce shi ya sha, saboda haka babu mai shakkarsa. Matata ta sha har ta daina jin ɗacinsa, amma da hannuna na tsayar da ita a gabas. Aka ce mini an makara ne wajen ba ta.

Da abin ya yi yawa, Sarki Dango ya tara mu ya ce fatake sun ba shi labarin wata tsohuwa mai suna Gwamma, can bayan teku, wadda ta san ciwon nan. Ya nemi wanda zai je. Na dubi 'yata Marka, ita kaɗai ta rage mini. Mace ce cikakkiya a lokacin, ita ce gwanar saƙar gona a unguwarmu, kuma ba ta iya ɓoye magana ba tun tana ƙarama.

Ta ce, "Baba, ka daina kallona, ka tafi. Zamanka a nan bai hana Inna tafiya ba."

Na tafi.

Bayan na bar tafkinmu na ratsa dajin da itatuwansa ke tafiya da rana su tsaya da yamma, sai na iso wata mashigar teku da ake kira Maƙogwaro, domin ruwan wurin yana juyawa ya haɗiye jirgi. A bakin mashigar akwai babbar rumfa, cike da mutanen da suka taɓa ƙetarewa lafiya. Kowannensu yana da munduwar tagulla mai kauri a kowace ƙafa.

Shugaban masu fito ya ce mini, "Baƙo, duba da idonka. Tambayi duk wanda ka ga dama a rumfar nan. Akwai wanda ya ƙetare ba munduwa?"

Na tambaya, babu ko ɗaya. Na ba da busasshen kifin guzurina aka ɗaura mini biyu.

Muna tsakiyar mashigar ruwa ya kama jirginmu ya kifar. Ni da na koyi iyo kafin in koyi tafiya, sai na ji ana jana ƙasa kamar an ɗaura mini turmi. Ruwan wurin garau yake, haske yana kaiwa har ƙasa, shi ya sa na gan su. Ƙasusuwan mutane ne birjik, wasu a zaune wasu a kwance, iyakar ganina, kuma a ƙafar kowane ɗaya tagulla tana walƙiya. Na zaro wuƙata na buge ƙusar munduwar dama, na buge ta hagu, ƙirjina kamar zai fashe, sai ruwa ya ɗaga ni sama.

Da na fito a ɗaya gaɓar, masu fiton can suka kewaye ni suna kabbara. Suka ce munduwa ta ba da kanta fansa ta cece ni.

Na ce, "Ku ji tsoron Allah. Waɗanda ke ƙasa sun fi na rumfarku yawa nesa ba kusa ba, kuma kowa da munduwarsa."

Babbansu ya ce, "To, mu dai ba mu taɓa jin ɗayansu ya kawo ƙara ba."

Na zauna a kan yashi ina aman ruwan gishiri, sai ruwan ɗacinmu ya faɗo mini a rai. Mu ma waɗanda suka tashi kaɗai muke tambaya. Na miƙe na ci gaba.

Daga nan na faɗa hannun mutanen Birnin Ganga. Birni ne a bakin teku, kullum ruwa yana tasowa har ya taɓa ganuwarsu, su kuma suna da wata ganga mai girman ɗaki da aka rufe da fatar kifi, wadda suke bugawa har sai ruwan ya ja da baya. Bugun yana kashe mutum, saboda haka baƙi suke kamawa. Aka sa mini sarƙa a ƙugu, aka ba ni gulma, wato ƙaton sandan bugun gangar.

Na yi ta bugu har tafin hannuna ya tsage ya warke ya sake tsagewa. Da yake idon masunci ba ya barin ruwa, sai na lura da wani abu. Ranar da muke da ƙarfi muka buga sosai, da ranar da zazzaɓi ya kayar da rabinmu, ruwan ja da bayansa ɗaya ne. Abin da yake bi shi ne watan nan mai launin ja, wanda a ƙasar ake ganinsa ko da rana. Duk sa'ad da ya tsaya a kan ƙololuwar dutsen da ke bayan birni, ruwa zai fara komawa, ko an buga ko ba a buga ba. Kuma duk yadda watannin biyu suka matso kusa da juna, haka ruwan yake ƙara nisa.

Na faɗa wa abokan sarƙata. Na ce mu ajiye gulma sau ɗaya tak mu gani.

Wani daga cikinsu ya ce, "Idan kuma ba haka ba ne fa? Akwai jarirai a bayan ganuwar nan. Kai za ka ɗauki alhakinsu?"

Tsoronsa ba na wauta ba ne. Na bar su. Na riƙa miƙa hannu sama ina auna tazarar watannin da yatsuna, daga huɗu ta koma uku, ta koma ɗaya. Sai na nemi ganin Sarkin Ganga na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ƙasarmu korar ruwa muke yi da sanda kamar shanu. A kwance ni gobe, in bi shi in kora muku shi inda ba zai dawo ba."

Kwaɗayi ya kama shi. Washegari da watannin suka haɗu, aka kwance ni aka haɗa ni da dogarai. Ruwa ya fara ja, ni kuma ina binsa ina kaɗa sanda ina tsawa. Ƙasan teku ya buɗe, ga kifaye suna tsalle a laka, ga tarkacen jiragen da suka nutse tun zamanin da. Da muka yi nisa dogaran suka tsorata suka juya. Na jefar da sandar na sheƙa da gudu, na hau tudun da ke ɗaya gefen ruwa yana lasar dugadugaina. Daga can ina jiyo gangar tana tashi, kuma na san hannayen da ke bugunta ɗaya bayan ɗaya.

A kan tudun nan na sami Gwamma. Gidanta ba kamar na masu magani ba ne, babu layu babu hayaƙi. Komai nata biyu-biyu ne: kunya biyu na shuka iri ɗaya, tukwane biyu, garken awaki biyu. Tsohuwa ce tukuf, tana ɗingishi. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta kai ni wani kududdufi ta nuna mini wata shuɗiyar gansakuka da ke yawo a kan ruwa.

Na ce, "Iya, wannan ne maganin?"

Ta ce, "Ban sani ba, ɗana."

Na ji kamar ta mare ni. Na ce, "An ce ke ma ciwon ya taɓa kama ki."

"Ya kama ni, na sha wannan, na tashi. Amma kai da bakinka ka ce wasu suna tashi da kansu. Ta yaya zan san ba na cikinsu? Ƙafata ɗaya ba ta isa shaida ba."

Ta gaya mini awakin tudun su ma suna kamuwa. Sai takan raba marasa lafiyar gida biyu, ta ba wa waɗannan ta hana waɗancan, ta ga abin da zai faru. Ta ɗauko wata gora cike da tsakuwa, fara da baƙa.

"Da farko da hannuna nake zaɓa. Sai na kama kaina kullum masu ƙwari nake ba wa maganin, saboda ina so ya yi aiki. Hannu yana da son kai ko mai shi bai sani ba. Tun daga nan na bar wa tsakuwa zaɓi."

A awaki yana taimakawa, in ji ta, amma yakan kashe wasu da amai, kuma akuya ba mutum ba ce. Idan aka fara ba a yankewa, in ba haka ba dutsen ya dawo da ƙarfi. Idan kuma taurin ya wuce cibiya, ba ya jin magani. Ta ba ni duk busasshiyar da ta tara, da ɗanya kaɗan a tulu don iri, da gorar tsakuwar. Na bi doguwar hanya ta tudu na dawo gida.

Tun daga nesa na ga gabashin tafkinmu ya zama kamar kurmi, sai dai ba itatuwa ba ne a tsaye. Birni ya yi tsit. Na shiga gida na tarar da Marka a zaune a kan tabarma ta rufe ƙafafunta da zane. Na matsa kusa da ita. Na ɗaga zanen. Taurin ya kai idon sawu.

A fada na zube abin da na kawo a gaban Sarki Dango. Da aka auna, busasshiyar ba za ta ishi fiye da rabin marasa lafiya ba. Ɗanyar kuma a tafki mai zurfi irin namu ba ta girma sai a kan gona mai iyo, kuma kafin ta wadaci birni sai an tuge rabin amfanin gonakinmu an ba ta wuri. Wato yunwa.

Sarki ya ce, "Tunau, ka tabbata yana warkarwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban tabbata ba."

Fada ta kaure da hayaniya. Wasu na cewa na yi yawon banza, wasu na cewa a ba manyan gari tukuna. Na roƙi a saurare ni. Na ce idan muka tuge gonaki a kan abin da ba ya aiki, mun haɗa wa kanmu ciwo da yunwa. Idan kuma muka ƙi shi alhali yana aiki, mun ƙare. Tunda dai ba zai ishi kowa ba, a bar gora ta raba. Mai farar tsakuwa ya sha gansakuka, mai baƙa ya ci gaba da ruwan ɗaci, a ajiye su rumfa biyu, abinci ɗaya kulawa ɗaya, mu ga wace rumfa za ta fi tashi.

Sarki ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yarda. Ya ce, "Amma kai ka sha wahalar kawowa. Cire rabon 'yarka tukuna, babu mai ganin laifinka."

Wallahi na ji daɗi, har na miƙa hannu. Sai na ji muryar Marka daga inda aka ajiye ta da sauran marasa lafiya.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Idan aka cire ni, gobe za a cire ƙanen Sarki, jibi a cire na Sarkin Ruwa. Kafin a gama duk masu cin nama suna rumfa ɗaya, masu shan kunu suna ɗaya, sannan a ce magani ne ya tayar da su. Ba haka tsohuwar ta ce maka ba, Baba? A kawo mini gorar."

Aka kai mata. Ta zura hannu, ta fito da shi, ta buɗe. Baƙa.

Kowace safiya nakan bi rumfunan biyu da gawayi ina ja wa kowa layi a inda taurin ya tsaya. Da farko rumfar fara ce ta zama abin tsoro. Amai suke yi har su suma, mutum biyu suka mutu tun dutsen bai kai musu gwiwa ba. Danginsu suka farfasa mini ƙofa, suka yanke mini koma. Ni kuwa a zuciyata godiya nake yi da Marka ta zari baƙa.

Sai abin ya juya. Na fara tarar da layin jiya a saman taurin yau. Mutum ɗaya, sai wani, sai wata. A rumfar baƙa kuwa layukan hawa suke yi, in ban da 'yan kaɗan da suka tsaya da kansu kamar yadda aka saba. Na Marka ya wuce gwiwa.

Na je wurin Sarki na ce a raba abin da ya rage da kowa. Ya tuna mini da abin da ni da kaina na faɗa, cewa wanda aka yanke wa magani, dutsen zai dawo masa. Kowane ƙullin magani yana da mai shi, babu rara ko ta cokali.

Wata safiya ina rabon magani, na tsakuri kaɗan daga wani ƙulli na zuba a kunun Marka. Na kai mata ina dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta karɓi ƙwaryar, ta karkata ta wajen haske, ta ga shuɗi-shuɗi a gefe.

Ta ce, "Na wa ka ɗiba?"

Na ce ta sha kafin ya huce.

"Baba, ina tambayarka. Na wa?"

Na ce na wata mata ce mai saida tukwane.

"Na san ta. Goyo gare ta." Ta miƙo mini ƙwaryar. "Kai mata ta sha da ɗuminsa."

Na durƙusa a gabanta, ni ubanta, na ce, "Marka, na nutse na fito, na sha sarƙa na tsere, duk don wa? Ke kaɗai gare ni."

Idanunta suka ciko, amma hannunta bai sauka ba. Ta ce, "Na sani, Baba. Ni ma ina jin tsoro, kar ka zaci ba na ji. Amma ba zan iya haɗiye shi ba. Kai mata."

Na kai mata.

Da magani ya ƙare aka taru a gaban Sarki aka ƙirga. A rumfar fara, cikin kowane goma bakwai sun tashi. A rumfar baƙa, uku, daidai da yadda ake tashi tun kafin a san ruwan ɗaci. Babban mai maganinmu, dattijo ne mai tsoron Allah, ya fita ya kifar da tukunyarsa a tafki yana kuka. A ranar Sarki ya ba da umarni aka fara tuge gonaki.

Gansakuka ba ta da sauri. Muka zuba mata ido tana yaɗuwa kamar ba ta so, ciki babu abinci, rumfar baƙa tana raguwa. Yunwar shekarar ta ɗauki tsofaffi da jarirai waɗanda ciwon bai taɓa ba. Na sha zama in lissafa abin, in sa waɗanda yunwa ta kashe a gefe ɗaya, waɗanda maganin ya tayar daga baya a ɗaya gefen. Ta kowace hanya na bi, lissafin yana nuna mun yi daidai, kuma da tazara mai yawa. Ban taɓa tashi daga lissafin na ji sauƙi ba.

Ranar da aka yi girbin farko, ni na fara kai wa Marka. Ta sha don ta faranta mini, amma mu duka mun ga inda layin gawayi yake, a ƙarƙashin haƙarƙarinta. Numfashinta ya zama gajere, magana sai da hutu.

Da la'asar ta ce in fitar da ita ƙofar rumfa. Sai da muka haɗu mu huɗu muka iya ɗaga ta. Na jingina ta da turke, tana fuskantar babbar gadar da ke zuwa kasuwa. Mutanen rumfar fara ne ke dawowa daga aikin gonakin gansakuka, suna ɗingishi, wasu da sanda, mai tukwanen nan tana cikinsu da ɗanta a baya.

Marka ta ce, "Idona ba ya kaiwa. Ƙirga mini su, Baba. Da ƙarfi."

Na juya mata baya kaɗan don in ga gadar sosai, na fara ƙirgawa, ina faɗin sunan wanda na sani. A farko tana cewa "uhm" bayan kowane suna. Can sai na daina jin ta. Na ci gaba da ƙirga da ƙarfi kamar yadda ta ce, har na ƙarshensu ya sauka, har gadar ta zama babu kowa, ina tsaye ina jiran ko wani zai ɓullo, don kada in juya.

Abin da ya same ni ke nan, jama'a, ban ƙara ba ban rage ba. Wanda ya ji, ya sa ta a addu'a.